Magana Jari Ce a hannun manya: abin da yaran Ungogo na jiya ke gani a littafin Imam yau

A shekarar 1937 aka fitar da littafi na ɗaya na Magana Jari Ce a Zariya, na biyu da na uku suka biyo baya kafin ƙarshen 1939. Daga wancan lokaci zuwa yau an rubuta dubban littattafan Hausa, amma da wuya a nuna wanda ya ratsa gidajen Hausawa kamar wannan aiki na Alhaji Abubakar Imam. A ƙasar Ungogo, yaran da aka kwasa aka kai firamare lokacin shirin ilimi kyauta na 1976 su ne magidantan yau. Wasunsu sun zama malaman makaranta, wasu masu unguwanni, wasu 'yan kasuwa a Kwari da Singa, wasu kuma suna nan a gonakin da suka gada. Kusan kowannensu zai iya kawo maka sunan Sahoro ko Kalala na cikin labaran littafin yana murmushi. Kaɗan ne daga cikinsu suka sake buɗe littafin bayan sun yi iyali, kuma wannan babban rashi ne, domin littafin da yaro ya karanta don dariya ba shi ne wanda mai furfura zai tarar ba.

Yadda littafin ya iso ƙauye

Ungogo tana arewa da birnin Kano, ta yi masa rawani daga Rijiyar Zaki da Bachirawa zuwa Tudun Fulani, Kadawa, Rangaza, Fanisau, Gayawa, Karo, Zango da Yadakunya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 360,000. Tun kafin wannan yawan, ƙasa ce da aka sani da cunkoson gonaki. Ba a barin saura ta huta, kowace shekara sai an noma, shi ya sa da rani jakuna ke jerin gwano daga birni da mangalolin taki, su koma da itace da kara. Gero da dawa da wake da gyaɗa suna haɗuwa a gona ɗaya, kuka da ɗorawa da gawo suna tsaye a tsakani, kowace bishiya da mai ita.

A irin wannan wuri boko ya zo a makare, kuma ya zo da zargi. Yaro yana zuwa makarantar allo da asuba, ya tafi firamare da hantsi, da damina kuwa gona ce ke da rinjaye. Littattafai ba su ishi ɗalibai ba, saboda haka malam ne ke riƙe da kwafi guda yana karantawa, ko a tsayar da wanda bakinsa ya fi sakuwa ya karanta wa aji. Abin da yara suka gano a wannan darasi shi ne baƙaƙen boko ma suna iya ɗaukar daɗin da suke ji a tatsuniyar kaka da dare. Wanda ya yi sa'a aka ara masa littafin zai kai shi gida, ya zauna a zaure gaban fitilar ƙwai, ya karanta wa mahaifinsa da maƙwabta. Dattijon da ke ƙyamar boko sai ga shi yana gyara zama, yana cewa a maimaita wurin da ya wuce shi. A shekarun 1980 kuma gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan, har waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba suka san mutanen cikinsa.

Saurayin da ya rubuta shi

Abu na farko da ke ba mai sake karatu mamaki shi ne shekarun marubucin. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dakta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Ganin ƙwazonsa ya sa aka aro Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936 don ya rubuta littafin karatu na makarantu. A cikin 'yan watanni ya haɗa labarai sama da 80, yana ɗan shekara 25 kacal.

Wannan yana nufin yawancin masu sake karanta littafin yau sun ninka marubucinsa a shekaru lokacin da ya rubuta shi. Duk da haka za su tarar da saurayin nan ya riga ya san halin fada, ya san yadda hassada ke shiga tsakanin 'yan'uwa, ya san abin da kwaɗayi ke yi wa dattijo. Gidan malamai da alƙalai ya fito, kunnensa ya sha shari'a da hirar manya tun yana ƙarami. A watan Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilimi. Ya rasu a Zariya a 1981.

Labarin da yaro ke tsallakewa

Yaro yana karanta Magana Jari Ce ne kamar mai tsintar nama a miya: ya ɗauke gajerun labaran ban dariya, ya bar abin da ya haɗa su. Babba kuwa sai ya ga ashe abin da ya haɗa su ɗin shi ne ainihin littafin.

Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, Wazirinsa yana ta ƙirga ranar da sarauta za ta faɗo hannunsa. Sai Allah ya ba sarki Musa, burin Waziri ya rushe. Da yaƙi ya tashi tsakanin sarki da Sarkin Sinari, sarki ya fita daga, ya bar ɗansa a gida, ya bar gari a hannun Waziri. Waziri ya haɗa baki da abokan gaba, yana neman hanyar da zai fito da Musa daga fada don a hallaka shi. Shi kuwa Musa jininsa na tafasa, yana ganin zama a gida alhali ana yaƙi abin kunya ne. Babu wanda ya tsaya tsakaninsa da halaka sai aku, tsuntsun da ba shi da takobi, ba shi da dakaru, ba shi ma da ikon cewa kada a buɗe ƙofa. Duk daren da Musa ya yi ɗamara ya zo sallama, aku ba ya ce masa kada ya tafi. Yakan yaba masa, ya nuna kamar yana tare da shi, sai ya jawo wani labari, kafin a kai ƙarshe gari ya waye. Haka aka yi ta yi har sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka ba aku waziranci.

Yaron Ungogo bai sha wahalar hango wannan fada ba, domin gidan sarki na Fanisau yana nan kusa da shi. A can Sarkin Kano Ibrahim Dabo yake da sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, a can ma Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Amma abin da yaro ya ɗauka shi ne dawakai da sulke da lifidi. Sai ya zama uba sannan zai gane cewa littafi na ɗaya gaba ɗayansa amsa ce ga tambayar da ke hana iyaye barci: yaya za ka tsare matashin da ya fi ƙarfin duka, wanda kuma umarni ba ya ƙara masa komai sai taurin kai?

Littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin Waziri Aku da wani akun mai suna Haziƙ. A na uku kuwa aku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasihu sana'ar magana. Wanda ya bi jerin ukun da idon manya zai ga tsari a ciki: da farko magana ta ceci rai, sannan ta kare mutuncin gari a gaban baƙi, daga ƙarshe aka miƙa ta ga na baya. Imam bai bar gwanintar aku ta mutu tare da shi ba.

Musa yana nan, Waziri ma yana nan

Ungogon yau ba ta 1976 ba ce. Birni ya haɗiye Rijiyar Zaki da Bachirawa, yana tunkarar sauran. Gonar da aka noma kaka da kakanni yanzu ana yanka ta fuloti-fuloti, awon igiya yana cin ƙasa fiye da garma. Uba yana rasuwa, kafin a share makoki dillalai sun fara zarya. Matashin da rabonsa na gado bai fi 'yan kunyoyi ba yana jin kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, sai ya ƙagu a sayar ya sayi babur ko Adaidaita Sahu, ko ya biya wani ya fitar da shi ƙasar waje. Wani ya dace, da yawa kuwa kafin shekara ta zagayo babu gona babu kuɗi.

Mai sake karanta Magana Jari Ce a wannan yanayi ba ya buƙatar a fassara masa komai. Ya san Musa, domin yana kwana a ɗakin samari na gidansa. Ya san Waziri, mutumin da ke zuga yaro da sunan ƙauna alhali ribarsa yake hange, ko dillali ne, ko ɗan siyasar da ke tara matasa lokacin zaɓe ya watsar da su bayan an rantsar da shi. Saƙon da Waziri ke shiryawa don ya ruɗi Musa yanzu ba ya buƙatar manzo, ta WhatsApp da TikTok yake shigowa har kan shimfiɗa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aku, wato babban da zai zauna da yaro dare bayan dare, ba tare da zagi ko gori ba, ya saya masa lokaci har hankalinsa ya dawo jikinsa.

Haka gajerun labaran ma suke sauya fuska. Sahoro da Sahorama, ma'auratan da lalaci ya sa kowannensu ke neman wanda zai ɗauke masa ɗan aikin da ya rage, suna lissafin dukiyar da ba ta zo ba har suka yi asarar ɗan abin da ke hannu, sun ba mu dariya muna yara. Yau wanda ya ga yadda mutane ke zuba kuɗin gumi a harkokin ninka kuɗi na intanet ba zai yi dariya sosai ba. Labarin Sarkin Busa, wanda mutanen gari suka yi wa alkawarin lada suka saɓa, abin ya ƙare a kan 'ya'yansu, yaro busar yake ji. Babba kuwa yana ganin hukuncin da ke cikinsa: idan shugabanni suka ci amana, ƙananan yara ne ke biyan bashin.

Aron da ya zama na gida

Wani abin da babba ke sani wanda yaro bai sani ba shi ne yawancin labaran ba a ƙasar Hausa aka haife su ba. East ya tara wa Imam littattafan Larabci da na Turanci, shi kuma ya zaɓa ya sarrafa. Akwai abin da ya fito daga Alfu Laila wa Laila, akwai na Kalila wa Dimna, akwai na tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan Grimm suka tattara, akwai kuma na gida. Sarkin Busa daga garin Hamelin na Jamus ya taso. Shi kansa akun mai hana fita da dare tsohon baƙo ne: asalinsa wani littafin Indiya ne na labaran aku guda 70, wanda Ziya'uddin Nakhshabi ya sake rubutawa da Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan wannan aro.

Wasu idan suka ji haka sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ce ashe kwafa aka yi. Wanda ya duba da kyau zai ga akasin haka. A littafin Farisa, matar wani ɗan kasuwa ce ke son fita wurin masoyinta bayan mijinta ya yi tafiya. Tsuntsuwar da ta fara gaya mata gaskiya gatsau ta rasa ranta, shi ya sa aku ya bi ta hanyar labari. Imam ya ɗauki wannan ƙashin bayan, ya cire matar aure da masoyi, ya sa ɗan sarki da yaƙi da makircin fada. Da wannan sauyi guda ya mayar da labarin tsare mace ya zama labarin tsare magaji da tsare ƙasa, abin da za a iya karantawa a aji a gaban malam da ɗalibi ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Sauran labaran ma haka ya yi musu. Ya ba mutanen sunayen Hausa, ya zaunar da su a zaure da kasuwa da gaban alƙali, ya sa musu karin magana a baki, har Bahaushe bai ga baƙo a cikinsu ba. Wannan aiki ne na gwani, kuma darasi ne ga marubutanmu da masu shirya finafinai: aro ba laifi ba ne, laifin shi ne a kawo abu a ajiye shi yadda aka same shi.

Inda littafin ke sosa rai

Ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Mai sake karatu zai ci karo da wuraren da ba za su yi masa daɗi ba. Mata a labarai da yawa ko masu makirci ne ko masu kwaɗayi, tsohuwa kuwa kusan kullum 'yar aiken sharri ce. Bayi suna kai da kawowa a fada kamar haka Allah ya halicce su. Sarki yana yanke hukuncin kisa cikin fushi, ba mai tambayarsa. Baƙauye sau da yawa shi ne abin dariyar 'yan birni, ko da yake wani lokacin shi ke cin nasara a ƙarshe. Mutumin Karo ko Yadakunya da ya yi dariyar baƙauyen yana yaro, yau zai iya lura cewa da irin mahaifinsa ake.

Haka nan ba za a manta cewa hukumar mulkin mallaka ce ta sa aka rubuta littafin, don makarantunta, a zamanin da Turawa ke mulki ta hannun sarakuna ba. Ba abin mamaki ba ne da duniyar littafin ta zama wadda sarki nagari ne, matsala daga mugun bafade take. Waɗannan abubuwa ba dalilin jingine littafin ba ne. Dalili ne na kada a bar yaro shi kaɗai da shi. Uwar da ta karanta wa 'yarta labarin Kalala da Kalalatu tana da damar tsayawa ta tambaye ta ko haka matan da ta sani suke. Daga irin wannan tambaya yaro ke koyon cewa ana iya son littafi kuma a yi masa gardama.

Hausar da ke neman kuɓucewa

Ko da an ajiye darussa gefe, harshen kaɗai ya isa dalilin komawa. Jimlolin Imam gajeru ne, suna tafiya da saurin mai ba da labari a dandali, zance yana bin zance ba tare da ado mai nauyi ba. Kan labarai da yawa karin magana ne, labarin kuma ya zama hujjarsa. Akwai kalmomin sarauta da na kayan doki da na yaƙi da na fatauci waɗanda yaron da aka haifa a Bachirawa yau bai taɓa ji ba, domin Hausarsa ta kan titi ce da ta waya, rabi Turanci. Iyayensa su ne tsara ta ƙarshe da ta ji waɗannan kalmomi a bakin masu amfani da su. Idan ba su fassara wa 'ya'yansu ba, nan gaba sai an buɗe ƙamus kafin a karanta Imam a Kano.

Ba wai an daina karatu ba ne. Kano ce cibiyar adabin kasuwa da ya bunƙasa tun shekarun 1980, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka sa dubban mata da matasa riƙe littafi. Yau ana karanta labarai a waya, ana sauraronsu a rediyo da YouTube, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana fito da sababbin marubuta tun 2016. Amma kusan duk wannan na manya ne da 'yan mata da samari. Ɗan shekara tara da ke son labari da harshensa ba shi da zaɓi mai yawa, kuma makarantun kuɗi da suka cika unguwannin bakin birni da yawansu suna hana yin Hausa a harabarsu.

Aikin da ya rage wa manya

A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai wajibi ne, amma yaron da aka zaunar a sabon aji ba tare da littafin da zai so ba, haruffa kawai zai haddace. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda ya gaji aikin buga waɗannan littattafai tun 1966, ya ci gaba da fitar da Magana Jari Ce, ana kuma samunsa wurin masu sayar da littattafai a Sabon Gari da Kurmi. Sanya kwafi kaɗan na littattafan uku a kowace firamare ta mazaɓu 11 na Ungogo ba abin da zai gagari sashen ilimi na ƙaramar hukuma ba ne, ba zai gagari ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni na yankin ba.

Sai dai babban aikin a gida yake. Duk wanda ya ji daɗin wannan littafi yana yaro, wani ne ya karanta masa ko ya ara masa, kuma bashi ne a kansa. Ya nemi kwafinsa, ya fara karantawa shi kaɗai don ya ga abin da ya wuce shi a da. Sannan bayan sallar isha'i ya tara 'ya'ya da jikoki, maza da mata, a ajiye wayoyi, ya karanta musu labari ɗaya da murya, ya saurari tambayoyinsu, ya bar su su yi musu da shi. Iyayen Ungogo, malamai da masu unguwanni, kada mu jira sai yaro ya yi ɗamarar fita sannan mu fara neman abin da za mu gaya masa. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya ba mu ikon isar da abin da ya bari ga na bayanmu.